Daga Minamata Zuwa Bagega: Yadda Bala'o'i Suka Haifi Fafutukar Kare Muhalli

Da wuya a samu wata babbar dokar kare muhalli a duniya wadda babu sunan wani gari a bayanta, kuma galibi garin ya riga ya binne mutanensa kafin a zauna rubuta dokar. Dokar tsabtace iska ta Birtaniya ta biyo bayan hayaƙin da ya turnuƙe Landan, yarjejeniyar duniya kan sinadarin zaiba tana ɗauke da sunan garin Minamata na Japan, dokar Turai kan haɗurran masana'antu ana kiran ta da sunan garin Seveso na Italiya, hukumar kare muhalli ta farko a Najeriya kuwa sharar gubar da aka jibge a garin Koko ce ta haife ta. Wannan ya sa ake ba da labarin a sauƙaƙe, wato bala'i ya auku, jama'a su farga, gwamnati ta yi doka. Amma idan aka bi tarihin daki-daki za a ga bala'o'in da girmansu ya zo ɗaya ba su haifar da sakamako iri ɗaya ba. Abin da ya fi yawan raba su shi ne matsayin mutanen da abin ya faɗa wa, da wanda hujja ke hannunsa, da kuma ko akwai kotu ko jaridar da mai laifi ke jin tsoro.

A ranar 5 ga Disamba 1952 sanyi ya tsananta a Landan, kowane gida ya ƙara zuba kwal a murhu, iska kuma ta tsaya cik, sai hayaƙin gidaje da na tashoshin lantarki ya haɗu da hazo ya zauna a kan birnin har zuwa ranar 9 ga wata. Motocin haya da na ɗaukar marasa lafiya suka daina fita, domin direba ba ya ganin abin da ke gabansa. Ƙididdigar farko ta ce mutum kusan 4,000 ne suka mutu, hukumomi kuma suka jingina mace-macen watannin da suka biyo baya ga mura, amma binciken da aka yi daga baya ya kai adadin zuwa wajen 12,000. A 1956 majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta hana ƙona kwal mai hayaƙi a wasu sassan birane. Shekara huɗu kacal ke nan, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda 'yan majalisar da kansu sun shaƙi hayaƙin nan a kan hanyarsu ta zuwa aiki.

A wannan shekara ta 1956 aka fara ba da rahoton wata baƙuwar cuta a Minamata, wani garin masunta da ke kudancin Japan, amma nan al'amarin ya bi wata hanya daban. Tun kafin cutar ta bayyana a jikin mutane, mazauna garin suna ganin kyanwoyi suna tangaɗi, suna jujjuyawa kamar masu rawa, wasu har su faɗa cikin teku. Daga nan sai yara da manya suka fara rasa ji a hannuwa da ƙafafu, magana ta sarƙe, gani ya ƙuntata, wasu mata kuma suka riƙa haihuwar jarirai da ƙwaƙwalwarsu ta riga ta lalace tun a ciki. Tushen cutar shi ne dagwalon masana'antar sinadarai ta kamfanin Chisso, wanda ke ɗauke da zaiba, ana zuba shi a bakin teku, kifi ya ci, mutane su ci kifin. Masu bincike na Jami'ar Kumamoto sun nuna yatsa ga zaiba a 1959, kuma a wannan shekarar likitan asibitin kamfanin da kansa, Hajime Hosokawa, ya riƙa zuba ruwan dagwalon a abincin kyanwoyi har alamun cutar suka bayyana. Kamfanin ya danne sakamakon, sannan a ƙarshen shekarar ya ba iyalan marasa lafiya ɗan kuɗin jaje, bisa sharaɗin cewa ba za su sake neman komai ba ko da nan gaba an tabbatar dagwalonsa ne ya jawo cutar. Wannan sharaɗi ya isa ya nuna abin da shugabannin kamfanin suka riga suka sani. Gwamnatin Japan ba ta amince a hukumance cewa Chisso ne sanadi ba sai a 1968, bayan an yi shekara 12 ana ci gaba da zuba gubar, kotu kuma ba ta rushe yarjejeniyar jajen ba sai a 1973. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda mutanen garin da kansu suka tsangwami marasa lafiyar, saboda kamfanin ne ke ba da aiki da haraji, kuma duk wanda ya kai ƙararsa ana kallonsa a matsayin mai neman toshe wa gari hanyar abinci. Wannan tsaka mai wuya, tsakanin abin da ke ciyar da mutum da abin da ke kashe shi, ta sake bayyana a kusan duk bala'in da ya biyo baya.

Fafutukar kare muhalli a sigarta ta zamani ta kankama ne a Amurka. A 1962 masaniyar halittun ruwa Rachel Carson ta wallafa littafinta Silent Spring, inda ta bayyana yadda magungunan ƙwari irin su DDT ke taruwa a jikin kifi da tsuntsaye, suna bin abinci har su iso jikin ɗan Adam. Kamfanonin sinadarai sun yi mata ca, amma kwamitin masana da Shugaba Kennedy ya sa ya duba batun ya gaskata mafi yawan abin da ta faɗa. A 1969 ɗanyen mai ya malala a gaɓar Santa Barbara, kogin Cuyahoga da ke Cleveland kuma ya kama da wuta saboda yawan mai da dagwalon da ke kansa. Ranar 22 ga Afrilu 1970 mutum kusan miliyan 20 suka fito bikin Ranar Duniya na farko, kafin shekarar ta ƙare Shugaba Nixon ya kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, a 1972 kuma aka hana amfani da DDT a gonakin Amurka. Nixon ba mutum ne da ya shahara da son tsuntsaye ba. Ƙuri'un mutum miliyan 20 ya gani.

Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na farko kan muhalli, wanda aka buɗe a Stockholm ranar 5 ga Yuni 1972, shi ne ya fito da saɓanin da har yau bai warware ba. Ƙasashe masu tasowa sun je taron da zargin cewa waɗanda suka gama gina masana'antunsu ne ke son ɗaure hannun masu shirin farawa, Firaministar Indiya Indira Gandhi kuma ta tsaya a kan cewa ba za a iya raba maganar muhalli da maganar talauci ba. Daga wannan taro aka kafa hukumar muhalli ta Majalisar, aka ajiye hedikwatarta a Nairobi. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa damuwa da muhalli kayan masu ƙoshi ne da aka shigo da shi ƙasashen talakawa. A 1973 ƙauyawan tsaunukan arewacin Indiya suka fara tare 'yan kwangilar katako, a gwagwarmayar da aka sani da Chipko, wadda mata suka zama ƙashin bayanta, saboda dajin ne ke ba su itacen girki da abincin dabbobi, shi ne kuma ke riƙe ƙasa kada ta zaftare. A 1977 Wangari Maathai ta fara shirin dashen itatuwa da matan karkara a Kenya, aikin da ya jawo mata duka da kamu a zamanin Daniel arap Moi, ya kuma kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2004. A Brazil an harbe Chico Mendes, shugaban masu tatsar roba a dajin Amazon, a gidansa cikin Disamba 1988. Waɗannan duk mutane ne da ke kare hanyar cin abincinsu, kuma a cikinsu ne aka fi samun waɗanda suka rasa rayukansu.

Bala'in birnin Bhopal na Indiya ya fi kowane nuna yadda ake auna ran talaka. A daren 2 ga Disamba 1984, wayewar garin 3 ga wata, ruwa ya shiga wata tankar sinadarin methyl isocyanate a masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide na Amurka, tankar ta ɗau zafi, iskar guba kimanin tan 40 ta fita ta bi unguwannin talakawa da ke manne da katangar masana'antar. Na'urar sanyaya tankar a kashe take, bututun da ke ƙona iskar da ta tsere kuma ba ya aiki, a masana'antar da dama ta daɗe tana asara ana tsuke mata kuɗin gyara. Mutane suka farka cikin dare idanu na raɗaɗi, numfashi na sarƙewa, suka fita da gudu, gudun kuma ya sa suka ƙara shaƙar gubar, yayin da likitocin birnin ke karɓar dubban mutane ba tare da cikakken bayanin abin da suka shaƙa ba. Gwamnatin jihar Madhya Pradesh ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, wasu ƙididdigogin kuma sun haura 15,000 idan aka haɗa da waɗanda suka mutu a shekarun da suka biyo baya, sannan fiye da mutum 500,000 ne iskar ta taɓa. Kamfanin ya dage cewa wani ma'aikaci ne ya yi zagon ƙasa. A 1989 aka sasanta a kan diyyar dala miliyan 470, wadda da aka rarraba ta, mafi yawan waɗanda suka jikkata 'yan ɗaruruwan daloli suka samu. Shugaban kamfanin, Warren Anderson, ya mutu a Amurka a 2014 ba tare da ya tsaya gaban kotun Indiya ba, tsofaffin jami'an reshen Indiya su bakwai da aka samu da laifi a 2010 kuwa ɗaurin shekara 2 aka yanke musu. Abin takaici shi ne ɗaya daga cikin manyan gyare-gyaren da Bhopal ta haifar a Amurka aka yi shi, inda dokar 1986 ta tilasta wa masana'antu su bayyana wa maƙwabtansu irin gubar da suke ajiye da ita.

A tashar nukiliya ta Chernobyl, a Tarayyar Sobiyat ta wancan lokaci, gwamnati ce mai masana'antar, ita ce kuma mai jarida. Tukunyar nukiliya ta huɗu ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986, ba a kwashe mazauna garin Pripyat kusan 49,000 ba sai washegari da rana, duniya kuma ba ta ji labari ba sai ranar 28 ga wata, lokacin da na'urorin wata tashar nukiliya a Suwidin suka nuna burbushin da iska ta kwaso daga Tarayyar Sobiyat. An yi faretin ranar ma'aikata a Kiev kamar babu abin da ya faru, yara suka ci gaba da shan madarar shanun da suka yi kiwo a gurɓatacciyar ciyawa, dubbansu kuma suka kamu da sankarar maƙoshi daga baya. A ƙasar dai, an karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga tun daga shekarun 1960, har Tekun Aral, wanda ya taɓa zama tafki na huɗu mafi girma a duniya, ya janye ya bar jiragen kamun kifi a kan yashi. Irin wannan bala'i mai tafiyar hawainiya ba shi da ranar da za a riƙa tunawa, shi ya sa ba ya tayar da hankalin duniya, kamar yadda farin Sahel na 1968 zuwa 1974 ya daɗe yana cin mutane da dabbobi kafin ya kai ga taron kwararowar hamada na Nairobi a 1977, yarjejeniyar da ta ɗaure ƙasashe kuwa sai a 1994.

Tsauraran dokokin da Turai da Amurka suka kafa sun zo da wani sakamako da masu fafutuka ba su yi tsammani ba. Da zubar da shara mai guba ya yi tsada a can, sai dillalai suka fara neman inda doka ke da rauni. Tsakanin 1987 da 1988 wani ɗan kasuwar Italiya ya shigo da dubban ganguna na dagwalon masana'antu, kusan tan 4,000, ta tashar jiragen ruwa ta Koko da ke jihar Bendel ta wancan lokaci, Delta a yau, ya jibge su a filin wani mazaunin garin da ake biya dala 100 a wata. Gangunan suka zauna cikin rana da ruwan sama, wasu suka kumbura, wasu suka fara yoyo. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can suka aiko wa jaridun gida, ba jami'an tashar da kayan suka wuce ta gabansu ba. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya, har Italiya ta yarda ta kwashe kayanta, jirgin Karin B da ya ɗauko wani kaso kuma ya yi ta gararamba a teku domin tashoshin Turai da dama sun ƙi barinsa ya sauke. A 1988 Najeriya ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Yarjejeniyar Basel ta biyo baya a 1989, amma ƙasashen Afirka suka ga ta yi sako-sako tunda tsara cinikin ta yi ba hana shi ba, sai suka ƙulla tasu a Bamako a 1991 wadda ta haramta shigo da irin wannan shara cikin nahiyar baki ɗaya. Duk da haka a 2006 an zubar da dagwalon jirgin Probo Koala a wurare daban-daban a Abidjan, hukumomi suka ce mutum 17 sun mutu, kusan 100,000 kuma suka nemi magani.

Man fetur ya ba da damar kwatanci mafi bayyana. Lokacin da rijiyar Deepwater Horizon ta fashe a Tekun Meziko ranar 20 ga Afrilu 2010, ta kashe ma'aikata 11, mai ya yi kwana 87 yana kwarara, kamfanin BP ya ƙare da amincewa ya biya gwamnatin Amurka da jihohi biyar dala biliyan 20.8, ban da kuɗin share gaɓa da diyyar 'yan kasuwa. A ƙasar Ogoni kuwa an fara haƙo mai tun 1958, malala kuma ta zama ruwan dare. Ƙungiyar fafutukar kare haƙƙin Ogoni, MOSOP, ta gabatar da buƙatun al'ummar a 1990, ranar 4 ga Janairu 1993 mutum kimanin 300,000 suka yi zanga-zangar lumana, a shekarar Shell ya dakatar da haƙo mai a yankin, ranar 10 ga Nuwamba 1995 kuma gwamnatin Janar Abacha ta rataye jagoran ƙungiyar, Ken Saro-Wiwa, da wasu mutum takwas bayan shari'ar wata kotu ta musamman da duniya ta yi tir da ita. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiyar da sinadarin benzene mai jawo sankara ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi sau 900, ya kuma ce gyaran yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Ba a ƙaddamar da aikin ba sai a 2016. Diyyar fam miliyan 55 da Shell ya biya mutanen Bodo, wata al'ummar Ogoni, a 2015, a kotun Landan aka nemo ta.

Gubar dalma ta Zamfara ta fita daga wannan tsari gaba ɗaya, domin babu wani babban kamfani da za a maka a kotu. Tashin farashin zinare ne ya ja manoman ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum zuwa ramukan haƙa, dutsen da suke fasowa kuma yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Maza su kawo shi gida a buhuna, a daka a turmi ko a kai injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin a tsakar gida, ƙurar ta sauka a ƙasar da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa da ke zagayen sa ido kan cututtuka suka tarar da yara na ta mutuwa da jijjiga da amai a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai, sai gwajin jini ya bayyana gaskiyar lamarin. Yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai kuma suka rayu da dalma a jini, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa taɓin da ba ya gyaruwa. Maganin da ke janye dalma daga jiki ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ya kwaso ta, saboda haka dole a fara kankare saman ƙasar kowane gida, a binne ta a rami na musamman, a zubo sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alƙawari a 2012, ba a saki kuɗin ba sai a Janairu 2013, bayan matasan shirin Follow The Money da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun matsa lamba a kafafen sada zumunta. Hana haƙar da hukumomi suka yi ta shelantawa bai yi tasiri ba, tunda abin da mutum ke samu a ramin zinare ya ninka na gona, kuma tsoron kamu kan sa a ɓoye aikin a cikin gida, inda ya fi haɗari. Abin da ya rage mace-macen shi ne fitar da daka da niƙa zuwa bayan gari, wanda sarakuna da masu unguwanni suka taimaka aka yi, da koya wa mahaƙa jiƙa dutse kafin niƙa da wanke jiki da sauya tufafi kafin su shiga gida. Wannan ilimi bai ƙetara iyakar jiha da wuri ba, domin a 2015 irin wannan guba ta kashe yara 28 a ƙauyukan ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ciki har da Shikira, nan ma sai a shekarar da ta biyo baya aka fara kankare gidajen.